Ƙaurin Ƙaho da Karatun Ummi

Haɗeja.

Assalamu alaikum, Ummi.

Ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki kin sauka lafiya, kin sami ɗaki mai iska da maƙwabta masu mutunci. Allah ya tsare ki daga sharrin hanya da na baƙon wuri, ya sa ruwan Zariya, inda ƙarin karatu ya kai ki yanzu, ya karɓe ki, don cikinki tun kina ƙarama ba ya son canjin ruwa. Innarki tana gaishe ki, ko da yake na san kafin ki buɗe wannan ta kira ki a waya har kunnenki ya yi zafi.

Ni na ce mata ta cusa takardar a ƙarƙashin zannuwanki, yadda ba za ki gan ta ba sai mota ta yi nisa da gari. Kin san halin da muke ciki ni da ke. Ke ce ta fari, ga shi kuma sunan mahaifiyata kika ci, kunya biyu ke nan a kan mutum ɗaya. Tun da kika girma maganarmu ba ta wuce "an tashi lafiya" da "Allah ya yi albarka". To yau da biro zan yi ta, sai ki yi haƙuri da rubutun. Hannun nan ya tsufa yana riƙe aska a kan jarirai ranar suna bai taɓa rawa ba, amma da ya ga biro sai ya kama kyarma.

Ga abin da ya sa ni wannan wahala. Ana gab da tafiyarki Innarki ta faɗa mini kin yanke shawara. Wai da kin isa za ki roƙi malaminki ya canza miki aikin bincike, ki bar na ƙwayoyin maniyyi ki koma na abincin kaji, don kada a riƙa nuna mahaifinki da baki a kasuwa. Kin gani na rubuta kalmar, biron kuma bai karye ba. Ina roƙonki kada ki taka ofishin malamin nan da wannan magana sai kin karanta takardata har ƙarshe. Wasu kurakurai nawa ne suka kai ki ga wannan tunani, gara ki ji su daga gare ni.

Zan fara da ƙauri. Lokacin da nake koyon wanzanci a wajen kakanki, da hannunmu muke gyara ƙahon da ake kafa wa mutane a baya. A je wajen mahauta a zaɓo na ɗan bijimi, wanda bai tsage ba, a yanke, a huda tsinin, a kara bakinsa a garwashi ya yi laushi a goge shi sumul. Duk ranar da muka yi wannan aiki sai in ji ƙaurin ya tuna mini da wani abu. Shi ne ƙaurin gashi idan ya faɗa wuta. Shi ne na babbakar kai da ƙafa ranar Sallah. Har gashin tsuntsun dinya da mafarauta suke babbakewa a bakin fadama, hancina ya ce mini duk abu guda ne. Na tambayi kakanki, na ce, "Baba, me ya haɗa ƙahon bijimi da gashin mutum?" Ko ɗago kai bai yi ba ya ce, "Kai dai riƙe da kyau, kada ka ƙona mini shi." Shi ke nan, na haɗiye tambayata. Na girma, na gaji zabirarsa, na aske rabin garin nan, kullum ƙaurin yana hancina, ban sake tambayar kowa ba. Na ɗauka duk tambayar da babba ya share ba ta da amfani.

Na yi kuskure, Ummi. Za ki haɗu da manyan malamai da za su share tambayarki, wani don aiki ya yi masa yawa, wani don shi ma bai sani ba kuma girma ya hana shi faɗa. Ki yi musu ladabi, amma ki riƙe abarki, ki sake kawo ta wata rana ta wata ƙofar.

Ni tawa amsar a tsakar gidana ta same ni, furfura ta riga ta cika mini gemu. Hutun nan ne da kika zo bayan ruwa ya janye daga gonakin shinkafa. Kuna babbaka ƙafar saniya ke da Innarki, ni ina alwalar la'asar a gindin randa. Innarki ta toshe hanci ta ce abin yana wari kamar rumfar mahaifinki. Kika yi dariya kika ce ai dole, don ƙaho da kofato da farce da gashi dangin juna ne, da abu guda aka gina su, wani furotin mai suna keratin, kuma farar wutar da ke cikinsa ce take wannan ƙauri. Wallahi butar ta kusa suɓuce mini. Sai Innarki ta ce, "To ke da kika ce karatun haihuwar dabbobi kike yi, me ya kai ki ga ƙaho?" Kika rage murya kika ce, "Inna, ai shi keratin ɗin nan har a ginin ƙwayar maniyyi yana da aiki. A kansa ma nake so in yi bincikena."

Abin da kika gani shi ne mahaifinki ya miƙe zumbur, ƙafa ɗaya a wanke ɗaya a bushe, ya fice. Na san kin gani, don daga ranar gaisuwarki ta koma ta nesa, daga bakin ƙofa. Abin da ba ki gani ba shi ne inda na nufa. Zagayawa na yi ta garken tumaki na laɓe a bayan danga, inda maganar madafa take fitowa tar. Na san in ina zaune a wurin bakinki zai mutu, ni kuwa in ƙarshen zancen nan ya wuce ni ba zan yafe wa kaina ba. Sauro ya yi biki a ƙafafuna, rago ya tauna mini gefen riga, ban motsa ba. Sai da na sake alwala kafin in yi la'asar ɗin.

Bari in maimaita miki abin da na ji, ki gyara mini in na karkace. Kin ce ƙwayar a dunƙule take farawa, ba kai ba wutsiya. A hankali a cikin maraina ake sassaƙa ta har ta koma kamar talibambam ɗin da yake cika mana kududdufai da damina. Kin ce akwai wata hula da ake ɗora mata a goshi, wadda da ita take huda ƙwan mace, kuma hular ba haka kawai take zama ba. A ƙarƙashinta akwai wani ɗan faifai mai zobe a gefe, da keratin a cikinsa, shi yake riƙe ta da kan yayin da kan yake miƙewa. Sai kuma wata ɗamara ta zaruruwa da take kewaye ƙasan kan, tana matsa shi tana saukowa har ya yi siffa, kuma ta kanta ake bi a kai kayan ginin wutsiya. Ita ma kin ce an ga keratin a jikinta. Da aiki ya ƙare sai ɗamarar ta warware ta ɓace. Innarki ta ce "ikon Allah" ta ci gaba da kankarar ƙafa. Ni a bayan danga riƙe baki na yi, ina tunanin gashin da na share na binne tsawon rayuwata, ashe ɗan'uwansa yana can yana riƙe hular kowane ɗan Adam tun kafin ya zama mutum.

Da na shigo na ce ko "madalla" ne, da duk wannan bai faru ba. Ban ce ba. Na wuce ta gabanki ina gyaran murya kamar mai jin haushi, alhali daɗi ne ya cika mini ciki. Ki ɗauki darasi biyu a nan. In aikin wani ya burge ki, ki buɗe baki ki faɗa masa, kada ki bar shi yana lalube. In kuma wani ya tashi ya fita kina tsakiyar magana, kada ki yi saurin yanke masa hukunci, wataƙila wurin da zai fi jin ki ya nema.

Yanzu ga wanda za ki yi mini dariya a kansa, kuma na yafe miki tun kafin ki fara. Kin tuna ragon nan balami da na sayo a Kaugama, mai ƙaho murɗaɗɗe? Bayan kin koma makaranta zafi ya shigo. Saboda ambaliya ta rushe mana tsohon garke, na ɗaure shi a ƙarƙashin rumfar kwano, ya yi ta haki, har ya yi ɗan zazzaɓi ya warke. Daga nan tumakin suka yi ta neman rago, shi ma yana aikinsa, amma shiru, ba wadda ta ɗauka. Na zauna na yi lissafi irin na mai ilimin bayan danga. Na ce tunda keratin ne yake riƙe hular nan, kuma ƙaho keratin ne zalla, ai magani yana cikin zabirata. Na ɗauko wani tsohon ƙaho da ya tsage, na kankare, na soya garin a kasko, na daka, na riƙa barbaɗa masa a dusa da ɗan kanwa. Ranar farko ya shinshina ya yi atishawa ya dube ni, irin duban da Innarki take yi mini in na ce zan gyara rediyo. Yunwa ta sa ya saba.

Wajen wata biyu sai ga tumaki sun ɗauka, ɗaya bayan ɗaya. Ummi, da kin ga tafiyar mahaifinki a kwanakin nan. Har hula na karkata. Na cika gwangwani da garin ƙaho na ajiye a zabira, don kin san a sana'armu maza suna zuwa da irin wannan damuwa, na ce ga shi Allah ya ba ni abin da kakannina ba su samu ba. Innarki ce ta tsaya a ƙofa ta ce, "Malam, ba za ka ba ɗan mutane toka ba sai an tambayi mai karatun." Na ce to ta tambaye ki, amma kada ta kuskura ta ce ni ne. Ta ce wani ne ya ce a tambaya.

Amsarki na ji ta da kunnena, don ta buɗe muryar wayar ina zaune a gefen gado kamar marar gaskiya. Kika ce ciki ba ya ɗaukar ƙaho ya aika da shi can, yawancinsa ma yadda ya shiga haka yake fita, jiki da kansa yake ƙera nasa keratin daga abincin da aka ci. Kika ce zafi da zazzaɓi suna lalata ƙwayoyin da ake cikin ginawa, kuma kafin sababbi su kammala sai an kusa wata biyu. Kika tambaya ko an canza wa ragon wuri. An canza kuwa, don tun a makon farko na mai da shi inuwar bishiyar maina saboda hakin ya dame ni. Sai kika ƙara da cewa, "Inna, ki ce wa mutumin, da raguna biyu ne ya ba ɗaya ya hana ɗaya, da ya gane da kansa." Na tashi na juye gwangwanin a gindin maina.

Ke kin fi ni sanin wannan, aikinki ne. Amma ina faɗa miki don abin da na ji a jikina lokacin da na zaci na gano wani abu. Daɗi ne mai rufe ido, har inuwar da na kai ragon da hannuna na mance da ita. Ranar da abin da kike fata ya bayyana a madubin da kike leƙa ƙwayoyi da shi, ranar za ki fi tsananta wa kanki. Ki nemi wanda ba ya jin nauyinki ya tsaya miki a ƙofa, kamar yadda Innarki ta tsaya mini.

To amma daga wannan tambaya sai ƙofa ta buɗe, na kasa rufewa. Duk wayar da za ku yi sai na ba Innarki saƙo. Wani ya ce a tambaye ki ko mai yawan gemu ya fi haihuwa, tunda jikinsa ya iya ƙera keratin. Kika ce babu ruwan wannan da wancan, keratin iri-iri ne, na gashi daban na can daban. Na ji kunya, don na daɗe ina yi wa masu gemu wannan kirari in ina gyara musu fuska. Wani ya ce a tambaye ki me ya sa maraina suke waje. Wani ya ce ko na bijimi ya fi na rago girma. Innarki har ta gaji ta ce, "Malam, ka ji tsoron Allah, ni zan buɗe baki in tambayi 'yata wannan?" Sai in yi mata alkawarin kifi, ta tambaya.

Ban taɓa tsayawa na yi tunanin yadda abin yake sauka a kunnenki ba. Sai yanzu Innarki ta gaya mini cewa kin same ta a ɗaki kina hawaye kika ce, "Inna, ashe har maganata ta kai kasuwa? Kullum wani ya ce, wani ya ce. Ba'a suke yi wa Baba." Ita kuma ta kasa faɗa miki gaskiya saboda na sa ta yi alkawari. Da na ji haka zuciyata ta yi baƙi ƙirin. To ki ji da kyau. Babu wani. Wanin nan ni ne, tun daga mai rago har mai gemu. Kasuwar da kike tsoro tsoho ɗaya ne mai zabira, wanda son sani ya hana shi zama kuma kunya ta hana shi fitowa. Kunyar ɗan fari abu ne mai kyau, da ita aka rene mu, ba zan ce ki yar ba. Amma ni na kai ta inda ta fara cin wanda ake jin kunyar. In kina da tambaya ki kai ta da ƙafarki, ki ce taki ce.

Mutum ɗaya na san ya yi magana da gaske, ita ce Goggonki Hajara, yayata. Ta same ni a zaure ta ce, "Sale, yanzu kana raye, ɗiya mace, ko aure ba ta yi ba, za ta zauna tana leƙen wannan abu a madubi? Wa zai kwasa?" Na ce, "Yaya, 'ya'yanki maza wa ya yi musu kaciya?" Ta ce, "Kai mana." Na ce, "Da na yi, fita kika daina yi don kunya, ko goro kika aiko mini?" Ta ce ai wannan daban. Na ce ban ga bambancin ba. Gidanmu tun kaka da kakanni abin da mutane suke rufewa shi muke buɗewa mu gyara, sannan mu kama bakinmu. Malamai ma a darasin tsarki ƙarara suke faɗin kalmar, ba wanda ya taɓa tashi ya gudu. Ta ja mayafi ta miƙe tana mita. Har ta kai bakin ƙofa sai ta juyo ta ce, "Wai da gaske wutsiya gare su?" Kin ji Goggonki. In an tsokane ki a can, kada ki yi fushi da wuri, ki ɗan jira, sau da yawa tambaya tana biye.

Saura labari ɗaya, kuma sai da na nemi izinin mai shi kafin in rubuta. Zan kira shi Modu, ba sunansa ba ne. Masunci ne daga wajen Baturiya, yakan kawo kifi ranar kasuwa ya biyo ta rumfata. Kin san masunta, kullum cikin kokawa da kacalla, ciyawar nan da ta toshe musu hanyoyin ruwa, shi ya sa bayansa ba ya rabuwa da ciwo. Ya daɗe da aure, Allah bai ba su haihuwa ba, kuma yana son matarsa so na gaske. Wani abu da na lura da shi a sana'ar nan, namiji ba ya faɗin damuwarsa yana kallon ka. Sai ka zaunar da shi ya ba ka baya, ka kafa masa ƙaho, ya sunkuyar da kai, sannan bakinsa yake buɗewa.

Ranar na kafa masa ƙaho ke nan sai ya ce, "Malam, gashina da kake askewa, ina kake kai shi?" Na ce binnewa nake yi, kamar na kowa. Ya ce, "Ba wanda ya taɓa zuwa ya ce ka ba shi?" Na ce wa zai zo? Sai ya faɗa mini. Ashe da ƙafarsa ya je asibiti, bai gaya wa kowa ba, aka auna shi. Aka ce ƙwayoyin suna nan da yawa, amma kawunansu a dunƙule suke, ba su yi siffa ba. Ba a yi masa dogon bayani ba, shi ma kunya ba ta bar shi ya tambaya ba. Ya dawo gida yana ta juya maganar. Abin da aka halitta da kai mai tsini, me zai dunƙule shi in ba hannu aka sa ba? Kuma akwai wansa, uwa ɗaya uba ɗaya, da suka taɓa samun saɓani a kan wani tafki. Ya daina cin abincin gidan wan, ya daina shiga jirgi ɗaya da shi. Yanzu so yake in tabbatar masa da gashinsa aka yi masa sammu.

Ummi, da a shekarun baya ne ban san me zan ce masa ba. Wataƙila in ce ya yi ta addu'a, in bar shi da zarginsa. Amma ranar ina da ilimin bayan danga. Na ce, "Modu, kan nan ba da tsininsa yake farawa ba. Kowa nasa a dunƙule yake farawa, nawa da naka da na ragona. Sassaƙa shi ake yi." Na ba shi labarin hula da faifan da yake riƙe ta, da ɗamarar da take matsa kan. Na ƙwanƙwasa ƙahon da ke bayansa na ce da dangin wannan ake yin wani sashe na aikin. Na ce wani lokaci ginin yakan tsaya a hanya, daga halittar mutum, ba tare da kowa ya jefe shi ba. Kuma saboda rago ya riga ya koya mini hankali, na ce masa ban sani ba ko naka daga nan ne, abubuwan da suke shiga ginin suna da yawa, masu binciken ma ba su gama ganewa ba, ka koma wajen likita ka tambaya ba kunya.

Can ya ce, "Wa ya faɗa maka wannan?"

Na ce, "'Yata."

"Mace?"

"Mace. Karatun da take yi ke nan."

"'Yar nan Haɗeja? Da idonta take ganin abin?"

Na ce da idonta. Sai na ga kafaɗunsa suna rawa, har ƙaho ɗaya ya saki ya faɗi. Ban leƙa fuskarsa ba, ba a yin haka. Ya ce, "Ni na zaci ba wanda ya damu ya duba."

Ban san abin da ke zuciyarsa game da wansa ba yanzu, ban tambaya ba. Na dai ga wata ranar kasuwa sun sauke kwandon kifi tare.

Saboda haka in kin zauna a kan aikin, ga tambayoyina, da sunana a kansu wannan karon. Ita ɗamarar nan in ta gama aiki ta warware, ina take zuwa? Jiki yana sake amfani da zaren ne ko zubarwa yake yi? Wa yake gaya wa keratin wannan ya fito a ka ya zama gashi, wancan ya tsaya a ciki ya riƙe hula? Tarwaɗa da karfasa da suke zuba nasu a ruwa, su ma da hular suke? Wannan ta dame ni ƙwarai, duk na ga kifi a faranti sai ta faɗo mini. Kuma in faifan ya ƙi kamawa, akwai ranar da za a iya gyara shi, ko sai dai a gane dalili kawai? Ba sai kin amsa da baki ba, na san ba za mu iya ba. Ki rubuto, zan sa tabarau in bi a hankali. In ba ki sani ba ki rubuta "ban sani ba", na fi son wannan da a lallashe ni.

Ban ce dole ba. In kin je kin duba kin ga abincin kaji ne zuciyarki take so, ki yi, kaji ma bayin Allah ne, kuma albarkata tana tare da ke. Abin da ban yarda ba shi ne ki ajiye abin da kike so ki ce don ni. Ni ban ji kunyarki ba ko na rana ɗaya. Alfahari nake yi da ke, har yana hana ni zama wuri ɗaya.

A ƙasan buhun da Innarki ta ɗaure miki akwai ƙunshin bandar kifi a cikin takardar siminti. Ta ce miki ita ta saya, ba ita ba ce. Da Modu ya ji za ki tafi, ya bar kasuwarsa ya kawo shi har rumfa, manyan tarwaɗa, ya zaɓe su ɗaya-ɗaya. Na ce me zan ce mata? Ya ce, "Ka ce mata ni na girma, ban sa rai abin zai iske ni ba. Amma ta duba da kyau, kada ta yi sauri. Akwai na bayana, kada wani ya zauna yana zargin ɗan'uwansa a banza." Bai san kina shirin bari ba, ni kuma bakina bai iya faɗa masa ba.

Ki dafa kifin ki ci, ki yi salla, sannan ki tafi wajen malamin naki.

Allah ya buɗe miki abin da ya rufe, ya ba ki ido mai gani da harshe mai gaskiya. Ya tsare fitarki da shigarki, ya kare ki daga zazzaɓi da mugun abokin zama, ya dawo mana da ke lafiya muna raye. Allah ya yi miki albarka.

Wassalam,
Mahaifinki.